Abayar da Na Ƙi Ɗaurewa

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, ranar Asabar ta farko a hutun tsakiyar shekara, shekarar da na cika sha ɗaya. Na san lokacin daidai domin na duba agogon hannuna, kamar yadda nake yi duk sa'ad da na rasa inda zan sa idona. Ina tsaye a kan yashi a bayan garin Makka, gefen hanyar da ta wuce Arfa ta nufi Ɗa'ifa, ga wani jan dabbab a gabana yana ta kyarma yana fitar da hayaƙi. Dabbab shi ne babur mai ƙafa huɗu da ake bayarwa haya a wajen gari, yara da manya su hau su yi ta zagaye a tuddan yashi. A jikinsa an manna wata takarda da rana ta cinye launinta. Na sunkuya na karanta ta daga sama har ƙasa, don ni ba na iya wuce rubutu ban karanta ba. An ce ba a hawa mutum biyu. An ce a sa hular kwano. An ce ba na ƙananan yara ba ne. Har da hoton mutum biyu a kan babur, an ratsa su da jan layi. Na karanta, na fahimta, na ɗago kaina na ga mai hayar yana jirana, Zulai kuma ta riga ta haye baya tana buga sirdin da tafin hannu, sai na haɗiye maganar.

Zulai ɗiyar Inna Asabe ce, Inna Asabe kuwa 'yar ƙanin kakata ce ta wajen uwa. Ta zo aikin Hajji daga wani ƙauye na ƙasar Kano tun kafin a haife mu, ba ta koma ba. Mu a unguwar Shisha muke zaune, a hawa na uku na wani bene, muna da takardunmu, Baba yana da shagon kayan lantarki, ni ina makarantar gwamnati. Su kuwa a Misfala suke, a ɗaki guda can saman dutse, sai an hau matattakala mai tsawo kafin a kai. Ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka Zulai ba ta taɓa shiga aji ba. Watanni biyu ne tsakanina da ita, amma in ka gan mu sai ka ce shekaru ne. Ita ke hura gawayi, ita ke ɗauko jarkar ruwa daga ƙasan dutse, ita ke ciniki da mai baƙala, wato kantin unguwa, har sai ya yi dariya ya ƙara mata tumatir. Ni ko gaisuwa sai Umma ta taɓa ni da gwiwar hannu nake fitar da ita.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba yakan kai mu Misfala. Umma da Inna su zauna suna tsintar shinkafa suna hirar mutanen gida, ni da Zulai mu hau rufin ɗaki da jakar makarantata. A can nake koya mata abin da aka koya mini a mako. Na ware mata littafi guda, na ja masa layi da rula, ina duba mata da jan biro kamar yadda malamarmu take yi. In ta gaji sai ta rufe littafin ta zaro duwatsun carafke daga cikin gwangwanin madara, ta cinye ni sau goma a jere tana cewa, "Malama, yau ma kin faɗi jarrabawa." Daga rufin muna hango hasumiyoyin Harami da tantabaru suna ta shawagi, muna jin hayaniyar alhazai a ƙasa kamar ruwa na gudu. A makaranta ba ni da ƙawa ko ɗaya, lokacin tara ma a bakin ɗakin karatu nake cin burodina. Zulai kaɗai gare ni.

A makon da muka je wurin dabbab ɗin ne Umma ta saya mini abayata ta farko. Ta zaɓi wadda ta fi ni tsawo da kusan taƙi guda, ta ce, "Ki girma a cikinta." Ina tafiya tana sharar ƙasa a bayana, ni kuwa daɗi nake ji, ina ganin na shiga sahun manyan 'yan mata. Matan Misfala irin su Inna ba haka suke sa tasu ba. Inna tana sayar da lalle da asuwaki da turare a bakin hanya, kullum abayarta a tattare take, ta naɗe bakin ta ɗaure a kugu, don in aka hango masu korar 'yan talla ta iya kwashe kayanta a zane guda ta ruga. Na sha jin 'yan ajinmu suna kwaikwayon wannan ɗauri suna dariya, suna kallona ta wutsiyar ido don sun san ni Bahaushiya ce. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma na ƙudurta a raina cewa ba za a taɓa ganina da abaya ɗaure a kugu ba.

Ranar Asabar ɗin muka fita gaba ɗaya, kamar yadda mutanen Makka ke yi in sanyi ya shigo. Aka shimfiɗa darduma a gindin mota, Umma ta fito da shayi da ƙosai, Baba ya tsuguna yana fifita gawayi don gasa kaji. Zulai ce ta yi ta roƙonsa har ya yarda mu yi zagaye ɗaya. Ya ɗaga wa mai hayar hannu daga nesa, a zatonsa ƙaramin dabbab na yara za a ba mu, ashe duk an fita da ƙananan. Da muka tashi, Inna ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sumayya, tattare rigar nan ki ɗaure, 'yar nan." Na ce to, ban ɗaure ba. Zulai kam tuni ta naɗe tata. Ta ce ni zan tuƙa, tunda ni ce mai ilmi.

Mai hayar bai yi mana wani dogon bayani ba. Ya nuna mini wani ɗan harshen ƙarfe a ƙarƙashin babban yatsana na dama ya ce in danna, ya nuna birki ya ce in matsa, ya ce, "Yalla, ku tafi." Da farko abin daɗi ne. Iska tana shiga mayafina, Zulai ta rungume cikina tana ihu a kunnena, ƙafafun dabbab suna watsa yashi. Har na fara tunanin cewa takardar nan tsoratarwa ce kawai. Mun doshi wani ɗan tudu ke nan sai na ji kamar wani ya kama ni ta baya yana ja. Bakin abayata ne ya sauka ya shiga sarƙar da ke juya ƙafafun baya, tana naɗe shi da sauri, wuyan rigar ya shaƙe ni. Abin da ba a gaya wa sabon mahayi shi ne, in tsoro ya kama mutum hannunsa damƙewa yake yi, kuma a dabbab damƙewar nan ita ce ƙara wuta. Ina neman in riƙe kaina, babban yatsana yana danna harshen har ƙarshe. Nauyinmu mu biyu duk ya koma baya. Gaban ya ɗaga sama, na ga sararin samaniya a inda ya kamata in ga yashi, sannan muka kife.

Abayar ta yage ta sake ni, na faɗa gefe da ƙujewa a wuya da targaɗe a hannu. Zulai ce dabbab ya danne wa ƙafar hagu. Ba ta yi kuka ba sai da Baba da wasu mutum biyu suka ɗaga shi, ta ga yadda ƙaurinta ya lanƙwashe. A mota Inna ta riƙe kan Zulai a cinyarta tana cewa, "Baban Sumayya, kada ka kai mu asibiti, ka san halinmu. Akwai maɗori a unguwa." Baba bai juyo ba, ya ce, "Asabe, ƙafar yarinya ake magana. Duk abin da ya biyo baya ni zan tsaya." Ya tsaya ɗin kuwa. Ban san me ya faɗa ba, ban san wa ya roƙa ba, na dai san an karɓe ta, an gyara ƙashin, an naɗe ƙafar da farin filasta tun daga cinya har yatsu, kuma ba wanda ya zo ya tafi da Inna.

Kowa ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Baba ya ce shi ne bai taso ya duba ba. Umma ta ce ita ce ta sayi riga mai tsawo. Inna ta ce ƙaddara ce. Ba wanda ya tambaye ni ko na san wani abu, ni kuma ban faɗa ba. Juma'a uku na ƙi zuwa Misfala, ina cewa hannuna ke ciwo. A ta huɗu Umma ta dawo da saƙo daga Zulai: "Ki gaya wa Malama ƙafa ce ta karye, ba kai ba. Ta kawo littafin." Na je. Tunda ba ta iya hawa rufi, a ɗaki muka ci gaba, ta jingina da bango, ƙafar a miƙe kan matashi. A watannin nan ne ta fara karanta shafi guda ba tare da na taimaka mata ba. Ta sa na rubuta mata haruffa a jikin filastar, wai don kada fili ya zauna banza. Ta warke, ta koma ɗaukar jarka, sai dai in ta yi doguwar tafiya ko ta hau matattakalar nan sau biyu, takan ɗan ɗingisa. Duk lokacin da na ga haka sai in duba agogona. Na tabbata a raina cewa ranar da ta san na karanta gargaɗin na yi shiru, kuma na ƙi ɗaure riga don kada in yi kama da mahaifiyarta, ranar za ta rufe littafin ba za ta sake buɗe mini ba. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wannan.

Yanzu ina shekarar ƙarshe a jami'a. An rushe layin su Inna an gina masaukan alhazai, sun ƙaura can gaba, rufin da muke carafke babu shi. Zulai tana da keken ɗinki a ɗakinsu, mata na kawo mata abaya daga unguwanni daban-daban, tana rubuta awon kowa a littafi da rubutun da ya fi nawa kyau. Juma'a ba ta da tsawon da take da shi a da, wani lokaci sai mu yi wata ba mu haɗu ba sai ta waya. Nakan yi kewar waɗancan ranaku da duniyata duka ba ta wuce rufi ɗaya da gwangwanin duwatsu ba.

A hutun sanyin da ya wuce muka sake fita bayan gari. An kewaye wurin hayar da tayoyi, ga hulunan kwano rataye a jikin sanda, amma har yanzu za ka ga yara uku a kan dabbab ɗaya, mayafi yana tashi a baya. Ƙanwata Maryam, mai shekara goma, ta ja wata 'yar maƙwabta suka nufi wani babban dabbab. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsaya gaban mai hayar, a gaban maza da yawa, na ce ƙarami za a ba su, ɗaya bayan ɗaya, kowa da hula, kuma sai ya nuna musu yadda ake sakin wuta kafin ya nuna musu yadda ake ƙara ta. Na durƙusa na tattare rigar Maryam, na naɗe bakin na ɗaure mata a kugu, irin ɗaurin Inna.

Da na dawo kan darduma Zulai na kallona tana murmushi, kofin shayi a hannunta. Kafin ƙarfin halin ya gudu na gaya mata komai, takardar, da jan layin, da dalilin da ya sa ban ɗaure abayata ba. Na ce in ta ji ba za ta iya yafe mini ba, ba zan ga laifinta ba. Ta kalli Maryam da ke zagaye a hankali kamar mai tallan ƙwai, sannan ta ajiye kofin.

"Malama, hoto ne fa a jikin takardar nan. Ban iya karatu ba a lokacin, amma ba makauniya ba ce ni. Na ga mutum biyu da jan layi, na haye abina. Maganar ɗauri kuwa, kina ganin ni ban taɓa jin kunyarsa ba? Mu biyu muka yi shiru ranar, ke kaɗai kika kwashi kayan kika hana ni rabona. Halas, ya wuce, ki sauke." Ta miƙa hannu ta kama bakin abayata da ke jan ƙasa, ta girgiza yashin da ya kwasa. "Kuma ki kawo mini wannan ranar Juma'a in rage miki. Har yanzu ba ki girma a cikinta ba."