Tippanna Rudagi, Marinin da Ya Riƙe Haikalin Masaƙa (1953–2023)

Haihuwa da asali

An haifi Tippanna Rudagi ranar sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1953, a Unguwar Masaƙa ta garin Guledgudda, a yankin da yau yake arewacin jihar Karnataka ta ƙasar Indiya. Mahaifinsa, Kariyappa Rudagi, masaƙi ne ɗan masaƙi. Mahaifiyarsa kuwa, Nilavva, ita ke naɗe wa mijinta zare, sannan ta gasa gurasar dawa da ake ci a gidan safe da yamma. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ya taso da in'ina mai tsanani, wadda ta sa tun yana ƙarami ya fi son sauraro a kan magana.

Makaranta

A shekarar 1960 aka sa shi a makarantar gwamnati ta garin. Malamansa sun shaide shi da kyawun rubutu da ƙarfin hadda, sai dai duk ranar da aka tashe shi ya ba da amsa da baki, harshensa kan ɗaure, 'yan aji su yi ta dariya har malami ya ce ya zauna. Daga nan tsoron a tambaye shi a gaban mutane ya shige shi, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

A watan Afrilu na 1969 ya zauna jarrabawar kammala sakandare. Ya karanta tambayoyin ranar farko, ya ga babu wadda bai sani ba, amma alƙalami ya gagare shi riƙewa, haɓo ya ɓalle masa, aka fitar da shi da takarda babu rubutu ko layi ɗaya. Da shekara ta zagayo ya sake yin rajista, ya isa ƙofar makarantar, ya tsaya yana kallon masu shiga, sannan ya juya gida. Mahaifinsa bai yi masa faɗa ba, ya dai kama hannunsa ya kai shi marina.

Aiki da iyali

Ya fara aiki a marinar ƙungiyar masaƙa a shekarar 1971, kuma a nan ya yi shekara talatin da takwas. Ya yi suna wajen rina jan zaren da ake sa wa bakin zanen amare, har masaƙan garuruwan kusa kan ce a ajiye musu nasu sai ranar da Tippanna ke kan tukunya. A shekarar 1978 ya auri Sumitra, 'yar wani masaƙi na garin Ilkal, mace mai kaifin harshe wadda ta ɗauke masa nauyin magana a kasuwa da taron dangi. Sun haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ya rasu yana jariri a shekarar 1985.

Unguwar tana da ƙaramin haikali na Devi, abar bautar Hindu wadda masaƙa ke kira Uwa, kuma kakanninsu ne suka gina shi. Mai jagorantar ibada a ciki, wato pujari, wani dattijo ne daga gidan malamai mai suna Keshava Joshi. Tun daga 1975 Tippanna ke tsayawa a bayansa kowace safiya yana riƙe masa fitila da ƙararrawa kafin ya wuce marina. Ta haka ya haddace addu'o'in da dattijon ke rerawa da Sanskirit, tsohon harshen ibadar Hindu, ba tare da ya san ma'anar ko kalma goma a ciki ba. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, idan yana rera su, in'inarsa kan ɗauke gaba ɗaya.

Haikali ya rasa mai karatu

A shekarar 2009, wadda Tippanna ya yi ritaya a cikinta, abubuwa biyu suka auka wa unguwar. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Joshi, 'ya'yansa kuma injiniyoyi ne a birnin Pune, babu mai niyyar dawowa. Sannan ambaliyar watan Oktoba ta rushe rufin haikalin. Kwamitin unguwa ya tsayar da cewa za a gyara ginin a sake tsarkake shi ranar ashirin da takwas ga Afrilu, 2012. Idan har ranar ba a sami pujari ba, za a miƙa mabuɗan ga wata babbar cibiyar addini ta garin Bagalkot, ta naɗa nata mutum, ta kuma tsara bukukuwa yadda ta ga dama; ke nan haikalin ya fita daga hannun masaƙa.

A taron da aka yi kan batun, wasu suka ambaci sunan Tippanna. Shugaban kwamitin, Irappa Bijjal, ya dube shi ya ce, “Ƙanena, aku ma ai yana maimaita abin da ya ji. In baƙo ya tsayar da kai ya ce me ka gaya wa Uwa yanzu, me za ka ce masa?”

“Ba… ban sani ba, Yaya,” in ji Tippanna.

Sumitra ta ɗaga murya daga ɓangaren mata: “To ku masu bakin, wa ya iya ko baiti ɗaya a cikinku? Ku tashi mu ji!”

Babu wanda ya tashi. Aka yi dariya, aka kuma cimma matsaya: za a ba shi haikalin, da sharaɗin ya kawo takardar shaidar mataki na uku ta karatun Sanskirit kafin ranar tsarkakewa.

Karatu ta gidan waya

A watan Janairu na 2010, yana da shekara hamsin da shida, ya yi rajista da wata ƙungiya ta birnin Bengaluru mai koyar da Sanskirit daga nesa. Karatun mataki huɗu ne. Ana aiko wa ɗalibi littattafai ta gidan waya, ya yi aikin darussa a gida ya mayar, a gyara da jan biro a dawo masa. Ana yin jarrabawa sau biyu a shekara, Fabrairu da Agusta, mataki ɗaya a kowane zama, ɗalibi ne kuma ke zaɓar lokacin da ya ga ya shirya. Wannan tsari ya yi wa Tippanna daɗi ƙwarai, domin babu aji, babu mai tashinsa tsaye.

Ya soma daga baƙaƙe, saboda rubutun ya bambanta da na Kannada, harshen yankinsu, da ya sani. Ya riƙa zama a dakalin gida bayan karin kumallo har rana ta take, yana fama da nahawu: suna ɗaya mai siffofi sama da ashirin, na tilo daban, na biyu daban, na jam'i daban, ga kalmomin da ke narkewa cikin juna har a rasa inda ɗaya ta ƙare. Rana ta farko da ya warware wani baiti da ya shekara fiye da talatin yana rerawa, ya gane cewa roƙon ruwan sama ne da lafiyar shanu, sai ya rufe littafin ya sake rera shi daga farko.

Amma 'yancin zaɓar lokaci shi ya zame masa tarko. Da jarrabawar Agusta ta 2010 ta gabato, barci da abinci suka ƙaurace masa, ya cike katin ɗage jarrabawa ya aika a ɓoye. Sumitra ta tsinci amsar ƙungiyar a aljihun rigarsa ranar wanki.

“Baban Shaila, mene ne wannan?”

“Ban… ban shirya ba ne.”

“Ka shirya tun ina amarya! Lissafa mini, zama nawa ya rage kafin ranar?”

“Uku.”

“Mataki nawa ake nema?”

“Uku.”

“To ka cinye rararka. In ka sake ɗagawa, kai za ka kai wa mutanen Bagalkot mabuɗi da hannunka, ni kuwa in raka ka da guɗa.”

Babbar 'yarsu Shaila, malamar makaranta a Hubballi inda cibiyar jarrabawar take, ita ta ɗauki nauyin kai shi. A Fabrairun 2011 ta riƙe hannunsa har bakin ɗakin, ta zauna a ƙofa don kada ya fito. Minti ashirin na farko bai rubuta komai ba, gumi ya jiƙa takardar, daga baya hannun ya saki. Ya ci mataki na ɗaya, ya kuma ci na biyu a watan Agusta da maki biyu kacal sama da iyaka. Duk tsawon wannan lokaci mutanen unguwa ba su bar shi ya huta ba. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya tambayi labarin takarda, har ya daina bin ta kasuwa. Likita ya same shi da hawan jini a ƙarshen shekarar.

Jarrabawar baka

Mataki na uku yana da ɓangaren da Tippanna ya fi tsoro, wato tambaya da amsa da baki cikin Sanskirit. Ranar sha tara ga Fabrairu, 2012, bayan ya gama ta rubutu, aka shigar da shi gaban mai jarrabawa, wata malamar jami'a mai ritaya da ake kira Padmaja Nadig. Ta tambaye shi sunansa da sana'arsa. Ya san amsar, ya buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Ya sake gwadawa har jijiyoyin wuyansa suka tashi, babu abin da ya fito. Malamar ta dubi agogo, ta dubi takardar maki, shi kuwa ya fara laluben jakarsa zai tashi.

“Zauna, Baba,” in ji ta. “An rubuta a nan kana hidimar haikali. Rera mini abin da kuke buɗe ƙofa da shi.”

Ya rufe ido ya rera baiti huɗu ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba.

“To kada ka sauka daga wannan muryar. Da ita za ka amsa mini. Na karanta ƙa'idojin nan kaf, ban ga inda aka hana ɗalibi waƙa ba.”

Haka aka yi. Ta yi ta tambaya, yana rera mata sunansa, da sana'ar rini, da rabe-raben kalmomin baitocin da ma'anarsu, har minti goma sha biyar suka cika. Ba ta gaya masa ya ci ko bai ci ba, domin doka ba ta ba ta dama ba.

Makonni takwas da suka biyo baya su ne mafi tsanani a rayuwarsa. An gama rufin, an yi fenti, an aika wa baƙi goron gayyata, wakilin cibiyar Bagalkot ma ya zo ya duba ginin har da auna ɗakin pujari. Kullum Tippanna na tsaye a bakin layi yana jiran ma'aikacin gidan waya. Sakamakon ya iso ranar sha tara ga Afrilu, saura kwana tara. Ya kasa buɗe ambulan, sai Sumitra ce ta yage ta. Ya sami sittin da ɗaya a rubutu, hamsin da huɗu a baka. Irappa Bijjal ya karanta takardar sau biyu a gaban kwamiti, sannan ya miƙa masa mabuɗan.

Ranar tsarkakewa ya yi amai sau biyu kafin ya fita daga gida, amma ya jagoranci ibadar awa uku a gaban jama'a fiye da ɗari huɗu. An kawo tsoho Joshi a kan kujera. Da aka kammala, ya yafito Tippanna, ya ce da rabin bakinsa mai motsi, “Ka tsallake harafi ɗaya a baiti na tara.”

“Na… na sani, Malam. Tun ɗazu yake cina.”

“Bar shi ya ci ka. Ni shekara arba'in ina tsallake shi, ban ma sani ba sai da ka zo da littafinka.”

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Tippanna ya riƙe haikalin shekara goma sha ɗaya da rabi, kuma ya kawo al'adar fassara wa masu ibada ma'anar abin da aka karanta, yana rerawa da Kannada. A shekarar 2013 ya shiga mataki na huɗu, ya kammala dukkan darussansa da yabon masu gyara, ya yi rajistar jarrabawar har sau bakwai, amma bai taɓa zama ba. Babbar damuwarsa a shekarun nan ita ce magaji. Ya sa mutum uku daga unguwar sun yi rajistar karatun, yana bibiyar darussansu da kansa. Biyu suka tafi neman aiki Bengaluru bayan matakin farko, na ukun kuma, da saƙar hannu ta ja baya, ya bar karatun ya koma tuƙin mota.

Ya rasu da safiyar Litinin, shida ga Nuwamba, 2023, sakamakon bugun zuciya, jim kaɗan bayan ya dawo daga haikali, yana da shekara saba'in. An binne shi da yammacin ranar a maƙabartar masaƙa da ke gabas da gari, bisa al'adar danginsu, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle saƙar unguwa. Da yake babu mai karatu a kusa, sai da aka jira awa uku kafin a samo wani daga Ilkal.

Har zuwa lokacin rubuta wannan tarihi kwamitin bai naɗa kowa ba. Sumitra ce ke buɗe haikalin kowace safiya, ta share, ta ajiye furanni, ta kulle ba tare da an rera ko baiti ɗaya ba.

Ya bar matarsa, da jikoki biyar, da 'ya'ya uku: Shaila, malamar makaranta a Hubballi, Girish, ma'aikacin jirgin ƙasa a Solapur, da Manjula, ma'aikaciyar jinya a Mangaluru. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke zaune a Guledgudda.