Lamba Goma Sha Bakwai a Katin Safiyatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Nuwamba, 1954, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanwata Safiyatu, matar Sama'ilu na Unguwar Gawo, da cikin wata shida a jikinta.

Safiyatu, ke ce kika yi ta jinyar Inna shekara biyu ba wanda ya ji kin yi tsaki. Ranar da aka ba ni aikin koyarwa, kazarki guda ɗaya kika yanka, kika ce kada malamin boko ya shiga aji da wuya kamar na balbela. Kaka ba ta taɓa wucewa ba ki aiko wa 'ya'yana gyaɗar gayaunarki ba, har ta bana da kika tona kina dafe da ƙugu.

An ce mini in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa.

Da kika fara ganin jini, Sama'ilu ya kai ki ɗakin shan magani. Malam Uwaisu, mai ba da magani, ya tambaye ki ta taga abin da ke damunki. Namiji ne, ga mutane a bayanki. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Ciki ne, Malam." Juna biyu kike nufi. Shi kuwa ya duba jerin cututtukan da Turawa suka ba shi, kowace da lambarta, ya rubuta goma sha bakwai a katinki, wato ciwon ciki, ya auna miki maganin tsutsa.

Sau uku kina komawa. Sau ukun nan katin ya karanta, bai ɗaga ido ya dubi mayafinki ba. Baturiyar da ke zuwa duba masu juna biyu wata-wata, waɗanda lambarsu ta nuna kaɗai ake kira mata. Ta zo sau biyu kina zaune a gindin dalbejiya da kwalbarki. Sai da jini ya ɓalle muka kai ki birni, likita ya ce ƙari ne a bakin mahaifa, ya tambaye mu ina muka ɓoye ki wata biyu.

Wane Bahaushe ne bai san ciki iri biyu ba ne? Tambaya ɗaya ta isa: na wata nawa?

Ban cire kaina ba. Kin taɓa miƙo mini katin nan kika ce, "Yaya, me suka rubuta?" Na ce lamba ce kawai. Ni da nake taƙama da karatu.

Allah ya jiƙan ki, ya ba ki ladan shahada, ya haɗa ki da abin da kika tafi da shi a Aljanna. Allah ya ba Sama'ilu da 'yarku Rukayya haƙuri. Ni kuma ki yafe mini. Katin yana aljihuna, an rubuta ki dawo ranar Litinin. Ni zan je.