Hoton da Mushe ya ba ni

Shekarar da aka yi mini baiko a Matameye, wanda zan aura mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, siriri kamar karan dawa, ga ɗan tari da ƙurar alli ta sa masa. Ina son shi, ba na ɓoyewa. Samarin garinmu turare da ɗankunne suke kai wa 'yanmata. Shi ko, don iyayi, hoto ya kawo mini.

Hoton baƙi ne ƙirin, da wani farin abu a tsakiya kamar faifai in an hango shi ta gefe. Ya ce taurari ne, ya yanko shi daga mujallar Turawa. Na jefa shi a kwalla na manta, sai Inna ta gani.

Ta juya shi sama da ƙasa. Babu fuska, babu gida, babu ko raƙumi. Ta kai wa Kawu, ƙanenta, wanda ya yi soja kuma tun daga nan babu abin da bai sani ba.

"Wannan hoton ƙirji ne," in ji Kawu. "Irin shi ake ɗauka a likitar Damagaram. Farin nan ciwo ne. Ba ku ji tarinsa ba?"

Daga ranar, in Mushe ya zo gaisuwa, kowa kunnensa na kan maƙogwaronsa. Ƙwaryar da ya sha ruwa Inna ta ware ta. Ni kaina na fara ƙura wa ƙirjinsa ido, ina jin haushin kaina.

Baba ya kira shi zaure bayan la'asar, ya yi masa maganar hoton, ni da Inna muna laɓe bayan asabari. Mushe ya yi dariya, ya shiga bayani har da zane a ƙasa. Wai gari guda ne na taurari, can nesa, cikin ayarin garuruwa irinsa. Hankalin Baba ya fara kwanciya. Da Mushe ya yi shiru a nan, da an gama. Amma malamin lakwal bai san birki ba.

"Abin sha'awa, Baba," ya ce, "irin wannan alƙarya taurarinta duk tsofaffi ne. Ba ta haihuwar sababbi."

Inna ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

"Juya ce ke nan!" ta ce da ƙarfi, ta manta laɓe take. "Duk abin duniya, hoton juya zai ajiye a kwallar 'yata? Wa ya aiko shi?"

Mushe ya rantse ba wanda ya aiko shi, ya sake rantsewa. Ni na yarda da shi, amma ba a tambaye ni ba. Inna ta cusa hoton a murhu, Kawu ya ɗora kayan baiko a kai ya mayar.

Da damina ta faɗi aka maida Mushe wani gari. Ya biyo ta ƙofar gidanmu yin ban kwana, ya yi sallama, na ji muryarsa sarai ina daka. Inna ta aika a ce masa ba kowa.