Reshen da Na Sa a Kwalbar Jikata

Akwai abin da nake fatan da ban aikata ba, kuma har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. Ni na yi sanadin mutuwar gizo-gizon jikata, saboda zargi.

Lokacin muna zaune a unguwar Ainu Shams, ita tana karatu a jami'a a Giza. Wata rana ta shigo da kwalba, a ciki akwai ɗan gizo-gizo da bai kai ƙwayar wake ba, irin mai tsallen nan. In ka leƙa sai ya juyo ya zuba maka ido kamar ya san ka.

Na ce, "Amarya, don na tsufa kika ajiye wani mijin a kwalba?"

Ta ce, "Shi dai ba ya minshari, Kaka."

Na yi dariya, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Duk reshen da za ta sa masa sai ta tafasa ta shanya. Ƙasar da za ta zuba masa ma sai ta gasa ta. Ƙudajen da yake ci ita ke kiwonsu a gwangwani da ayaba, ba ta yarda da na waje ba. Kafin ta taɓa kwalbar sai ta wanke hannu, bakin kuma a ɗaure da farin ƙyalle. Ga ta tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Inda na taso, mai tafasa itace ya rufe halitta da farin ƙyalle, an san aikinsa. Sai na ɗarsa a raina cewa wata ƙawa ce ta kai ta wurin masu asiri. Sau ɗaya ta fara yi mini bayanin wasu ƙananan ƙwari da ke kama shi, na ce khalas, ya isa haka, a ganina rufa-rufa ce.

Ranar da ta tafi jami'a na sauka ƙasa, na tsinci busasshen reshe kusa da mai sayar da kaji. Na yi bisimilla, na cire nata na sa nawa, wai in karya abin.

Bayan 'yan kwanaki ya daina tsalle, ya ƙi cin abinci. Ta ɗauko gilashin ƙara girman abu ta ce in duba. Wasu fararen ƙwari ne kamar ƙananan kwarkwata, sun maƙale masa a baki da ƙafafu. Ta mayar da shi kwalba mai tsabta, tana ta goge su da jiƙaƙƙiyar auduga, amma bai tashi ba.

Ta ɗaga reshen tana juya shi, ta ce, "Ban tafasa shi sosai ba ke nan. Laifina ne, Kaka."

Na ce, "Ma'alish, ba komai," na kau da kai.

Sai bayan shekaru na iya gaya mata gaskiya. Na zaci gizo-gizon za ta ambata, sai ta ce, "Kaka, ni ka zarga da asiri? Ni da ka koya wa Fatiha?"

Daga baya ta yafe mini.

Ina roƙonku, kada ku yi irin nawa. In kun ga naku yana wani abu da ba ku gane ba, ku zaunar da shi ku tambaya, kuma ku bari ya gama ba ku amsa.