Giyar da muka raba ni da Yaya

Jif ɗin Baba ta riga shi mutuwa. Injinta ya buga tun yana da rai, aka ɗora ta a kan duwatsu a ƙofar gidanmu na Limawa, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Amma ƙasanta lafiya lau yake, na sani, don ni nake gyara ta.

Tawa jif ɗin irinta ce sak. Da ita nake ci, ina kai 'yan kasuwa da kayansu ƙauyukan bayan Kiyawa. Ana gab da damina ƙaramin giyabos ɗinta ya fara kuka. Shi ne akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya, in babu shi mota ba ta fita daga laka. Da na kwance shi na wanke da fetur, sai na ga giya biyun da ke cizon juna, babba da ƙarama, sun cinye, haƙoransu sun yi kaifi kamar aska. Na zaga masu kayan gyara a Dutse, babu. Ga kuma irinsu a ƙofar gida suna tsatsa.

Sai dai ba a raba gado ba tukuna, kuma komai yana hannun yayana. Ni da shi tun muna yara ba ma ga maciji. Ban tambaye shi ba. Da hantsi na shiga ƙarƙashin motar Baba da sifana, na sauke akwatin, na buɗe shi a kan buhu. Ina cikin zare giyar sai na ga inuwar Yaya a kaina.

“Sannu Injiniya. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba, har ka fara fiɗa?”

Na ce, “Yaya, ƙarfe ne. Awaki kaɗai ke morar motar nan.”

“Awakin ba su taɓa kwance mata ko noti ba. Ka dai san zamanin da muke ciki, ka san abin da ake yi wa hannun da ya ɗauki kayan magada.”

A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa ya zama malami a bakin titi. Maƙwabta suka fara taruwa. Na ce, “To kira alƙali, ya taho da sikeli ya auna mini rabona a giyabos.”

“Ba sai alƙali ba. Mu biyu ne maza, matan ba ruwansu da ƙarfe. Giya nawa kake nema?”

“Biyu.”

“Ɗauki ɗaya. Ɗayar tawa ce.”

Yaya malamin makaranta ne, bai san kan mota ba. Ni kuwa na san cewa giya biyun da suka tsufa tare, tare ake sa su, don haƙoransu sun saba da juna. In ka haɗa baƙuwa da wadda ta cinye, faɗa za su yi. Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya jawo ni gefe ya ce, “Kai, ka roƙe shi mana. Yayanka ne, abin da yake jira ke nan.” Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce gara in tura motata da ƙirji har Kiyawa.

Na ɗauki babbar. Yaya ya sunkuya ya ɗauki ƙaramar ya jefa a aljihun farar rigarsa. Baƙin mai ya ɓata ta har gefen wando, ko kallon wurin bai yi ba.

Na haɗa babbar giyar Baba da tsohuwar ƙaramata, na sa sabon fakin da ke hana yoyo, na cika mai. A kan kwalta tana gurnani kaɗan, na ce za su saba. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi na ɗauko buhunan taki da mutane. Da muka zo fadama na ja ɗan guntun sandan giya mai sa tayoyi huɗu su ja, na taka mai. Sai na ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Akwatin ya tsage, mai ya malala a kan ruwa, giya biyun suka kakkarye juna. Shanun huɗa ne suka jawo mu, fasinjoji suna tsine mini a gaban masu shanun.

Labari ya riga ni zuwa gida. Na tarar da Yaya a kan tabarma a ƙofar zaure, ya danne kusurwarta da ƙaramar giyar don kada iska ta ɗaga.

“Injiniya, ga rabona nan lafiya. Ina naka?”

Na wuce ban yi masa sallama ba. Daminar nan a garejin wani na yi ta, ina gyaran motocin mutane. Da aka zo rabon gado ba wanda ya taya motar Baba tunda ba akwatin, sai 'yan gwangwan suka saye ta a kan nauyinta. Yaya ya faɗa a gaban dangi cewa ni na kashe ta, ni kuma na ce shi ne. Ba mu sake sa hannu a kwano ɗaya ba har Allah ya karɓi ransa, kuma ko sau ɗaya ban je na ce masa ya yi haƙuri ba.

Giyar tana nan a zauren gidansa, da ita suke tokare ƙofa. In na je duba 'ya'yansa, tsallake ta nake yi.