Kenechukwu da Yatsun Dillalai

Kullum ƙarfe takwas na safe, ban da Lahadi, Kenechukwu yana hawa wani bene mai matattakala ashirin da biyu a Sabon Gari, ya buɗe ɗan ɗakinsa da ke saman shagon masu kayan janareta. Kafin ya kunna kwamfuta sai ya jawo wani tsohon faranti daga ƙarƙashin tebur. Wayoyi goma sha ɗaya ne a kai, babu ta kirki ko ɗaya. Wata gilashinta ya tsattsage, wata an ɗaure ta da roba, wata sai ta yi dogon tunani kafin ta amsa. Ya jona su a caji ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ya gina a ranar, sai ya bi ta kan waɗannan gajiyayyu kafin ya yarda ya fita hannun jama'a. Shi a wurinsa wayar mai kuɗi ba ta faɗin gaskiya.

Ni Huseina dillaliya ta Fagge, ni ce nake magana. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata Ruwaida ce ke rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta zuba wa maganata sukari. Shekara talatin ina ɗaukar atamfa da leshi daga Kantin Kwari ina shiga gida-gida, har gwiwoyina suka ce sun gaji. A daidai lokacin ne ƙungiyarmu ta masu atamfa da dillalai ta sa aka yi mana abin nan na cikin waya da ake kira manhaja. Mai shago ya ɗora hoton sabon zane, ke kuma kina zaune a ɗakin mai sayen kayanki ki nuna mata, in ta zaɓa ki taɓa a ajiye miki, mai adaidaita ya kawo. Da wannan abin muke ci, mu tsofaffin da ƙafa ta ƙare mana. In ya lalace, sana'armu ta lalace. Wanda ya gina fuskarsa, wato inda ido ke gani yatsa ke taɓawa, shi ne Kenechukwu. Shekara takwas ke nan, kuma in ka tambayi mutum goma a Kwari sunansa, tara ba su sani ba.

Ni ma da masifa na san shi. Wata amarya ta zaɓi zanen anko, turmi talatin. Na taɓa a ajiye, na koma gida hankalina kwance. Washegari aka ce babu abin da na ajiye, wata ta kwashe zanen. Uwar amarya ta kira ni maƙaryaciya a gaban surukanta. Na tambayi inda mai wannan ɗanyen aiki yake, na hau adaidaita, na ja gwiwata na hau benen nan ina hutawa ina tara zagi. Na samu mutum dogo mai furfura kaɗan a gemu, na sauke masa mafi yawan abin da na tara. Na ɗauka ba ya jin rabin abin da nake faɗa. Ashe haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya bari na gama, ya ba ni kujera da ruwa, ya roƙe ni in sake taɓawa a gabansa yadda na yi jiya.

Na danna. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Bai kalli wayar ba, babban yatsana yake kallo. Ashe mu da muka saba da ƙaramar waya mai maɓalli, in mun danna sai mun danne mun riƙe, don mu tabbata ta ji. Ita kuwa manhajar, in aka riƙe, hoton take buɗewa, ba ta ajiye komai.

"Inna, ba ke kika yi kuskure ba," in ji shi. "Ni ne na gina wa yatsan da ba naki ba."

Na tafi da sauran zagina ban sami inda zan ajiye shi ba. Kwana uku ya gyara. Ya kuma je da ƙafarsa gidan amaryar ya gaya wa uwarta cewa laifinsa ne, ba nawa ba. Har yau matar nan a hannuna take sayen kaya.

Daga nan ya ɗora wa kansa wata al'ada. Duk Laraba bayan la'asar yana zuwa zaurena, inda mu dillalai bakwai ko takwas muke haɗuwa. Ya miƙa wa ɗaya waya, ya ce ta ajiye turmi biyu, sannan ya mayar da hannayensa baya ya yi gum. Ko za ki mutu kina lalube ba zai nuna miki ba. Farko muna jin haushi, muna ce masa mugu. Ya ce ranar da kike ɗakin mai saye ba ya nan, don haka gara ki ɓata a gabansa ya ga inda ya karkace hanya. A zauren nan ya ga cewa lokacin biki yatsunmu a ƙunshe suke da lalle, da gaɓar yatsa muke taɓawa, sai ya mayar da maɓallan manya kamar murfin kwalba. A nan ya koyi cewa sabis ba ya shiga wasu layukan Kwari, sai ya sa manhajar ta riƙe abin da ka taɓa har sabis ya dawo ta aika da kanta. A nan muka yi masa dariya har da hawaye da ya rubuta sunayen launi irin na littafi. Muka zaunar da shi muka koya masa ruwan goro, ruwan hoda, ruwan zuma, ruwan toka, yana rubutawa kamar ɗalibi.

Ruwaida ta ce in faɗi sunan kayan aikinsa don masu ilimi su gane, wai Jabaskirif da Riyak. To, na faɗa. Ni dai baƙin allo na gani da rubutu kala-kala. Na taɓa tambayarsa yadda yake gyara maɓalli a wuri hamsin cikin yini ɗaya. Ya ce sau ɗaya yake yin sa, kamar yadda tela ke yanka ma'auni guda ya fitar da riguna da yawa, in ya gyara ma'aunin duk sun gyaru, na waya da na kwamfutar shago. Wannan na gane.

Sai maganar Muhibba. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, ta girme ni da shekara biyu, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta bambance maɓalli da hoto. Ta ce ita kam ta ajiye sana'a. Kene, haka muke kiransa, ya ce a'a, sai dai waya ta yi magana. Muka ce to ya sa muryarsa. Ya ƙi, ya ce matan Fagge ba za su so namiji yana magana daga cikin jakarsu ba. Ya ɗauki muryar Muhibbar kanta, kalma-kalma, Laraba huɗu. Tun daga lokacin, duk wadda ta taɓa a faɗin Kwari, Muhibba ce ke ce mata an ajiye miki, ko ya ƙare, ko jira sabis. Ita kuwa tana bin muryarta tana aiki, tana ƙorafin wai matar cikin wayar ta cika gadara.

Kai ne, Kene, wanda bai taɓa ce mana ku kira jikokinku su yi muku ba. Kai ne ka ɗauki rawar hannunmu da duhun idonmu a matsayin aikinka, ba aibinmu ba. Maƙerin da ke auna hannu kafin ya sa ƙota. Kirarinka ke nan a wurina, ba zan ƙara ba, na san kunya za ka ji.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Bara aka yi sabon shugaban ƙungiya, Alhaji Abdulƙahhar. Ba mugun mutum ba ne, amma yana son abu mai ƙyalli. Ya duba manhajar ya ce ta yi kama da kayan ƙauye, maɓallai ƙatti, ga tsohuwa tana magana. Ya ɗauko wani kamfani daga Abuja suka yi sabuwar fuska. Kene a saƙon waya aka sallame shi. Ya miƙa musu komai, har da takarda shafi shida a kan yatsunmu, wadda na tabbata ba su buɗe ba.

Sabuwar ta zo da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, sai ka ja nan ka ture can, kuma an cire muryar. Mako uku ban ajiye turmi ɗaya daidai ba. Biyu daga cikinmu suka koma ɗaukar kaya a ka. Muhibba ta sa wayarta a ƙarƙashin katifa ta zauna a ɗaki. Na je na same ta da rana tsaka ko ɗankwali ba ta ɗaura ba, ta ce min ai dama aron lokaci muka yi. Na kira Kene na ce ya zo mu je mu yi faɗa. Ya ce ba a gayyace shi ba, kuma ba ya son ya ɓata aikin wasu. Na ce to zauna da kunyarka, ni ba ni da ita.

Ranar bikin ƙaddamarwa aka cika wani zauren taro a Fagge. An yi jawabai, an ba kamfanin allon yabo, an ba shugaba nasa. Da aka ce ko akwai mai tambaya, na miƙe da sandata. Na ce ba ni da tambaya, gwaji nake so a yi irin wanda ake yi a zaurena. A ba ni wayar, kowa ya yi shiru, in ajiye turmi biyu. Aka ba ni. Na lalaba, na lalaba, na buɗe wani wuri da ko yaran kamfanin sai da suka leƙo su ga ina ne. Wani ya ce ai Hajiya ba ta yi makaranta ba ne. Na ce gaskiyarka, a ba wanda ya yi.

Na miƙa wa Alhaji Abdulƙahhar. Sakatarensa ya matso, na tare shi da sanda.

"Ranka ya daɗe, turmi biyu kacal," na ce. "Ruwan goro."

Ya gyara tabarau. Ya ja, ya ture, ya koma baya, ya sake ja. Ashe shi ma bai taɓa taɓa ta da hannunsa ba, sakatare ke yi masa. Can sai ya ajiye wayar ya fashe da dariya, jama'a suka bi shi. Ya ce, "Inna Huseina, kin kayar da ni a gaban jama'ata. A nemo mutumin nan na Sabon Gari."

A nan kam na yaba wa Alhaji, ya san faɗuwa. Kwana biyu Kene ya dawo mana da tamu. Bai zagi kowa ba. Har cewa ya yi hotunan yaran Abuja sun fi nasa saurin buɗewa, ya kira su ya tambayi dabarar, ya saka mana. Ni da na so ya yi musu dariya ko sau ɗaya, bai yi ba.

To me ya rage? Suna. An buga kalandar ƙungiya ta bana, Ruwaida ta karanta min ita tun daga sama har ƙasa. Akwai shugaba, akwai kamfanin da aikinsa ya yi mako uku, akwai mai ɗaukar hoto, har mai abincin taro an gode mata. Babu Kenechukwu. Shekara takwas. Ga shi ƙarshen watan nan zai ajiye aikinmu, zai buɗe ajin koyar da wannan sana'a a ɗakinsa na sama, ya bar mu a hannun Jawahir, matar da ta yi shekara biyar tana aiki tare da shi, wadda ita ma ta iya yin shiru. Ba kuɗi nake nema masa ba, bai aike ni ba. Da na gaya masa zan sa a rubuta wannan, cewa ya yi in bari, aikin da ba a lura da shi ba shi ne ya yi kyau. Na ce wannan tsakaninka da kwamfutarka, ni dillaliya ce, ban saba a karɓi kaya a ɓoye sunan mai shi ba. Alhaji ya yi min alkawari a taron ƙarshen wata zai kira sunansa cikakke a lasifika, ya tashe shi tsaye. Na karɓi alkawarin. A layin gaba zan zauna, kuma kunnena ƙalau yake.

Ku kuma samari da 'yan matan da ke koyon wannan aiki, ina jin kuna da yawa yanzu a Kano, ku je ku ga yadda mutumin nan yake yi tun yana da ƙarfin nuna muku. Kada ku gina wa kanku da abokanku ku ce kun gama. A garin nan akwai masu rawar hannu, akwai waɗanda ba su iya karatu ba, kuma su ma da wayar nan suke neman tuwo. In tsohuwa ta riƙe abin da kuka yi ta ji kunya, kunyar taku ce.

Kene, ɗan nan, na gode. Allah Ya yi maka albarka, Ya raya maka zuri'a, Ya ba ka ɗalibai masu jin magana. Zagin da na yi maka ranar farko, ka yafe rabi, rabin ka ci shi. Na so in zo da Muhibba mu yi maka godiya tare, na aika mata da safen nan. Aka ce ta fita tun ƙarfe tara, gida huɗu za ta shiga kafin azahar. Ta bar sallahu a gaishe ka, wai ka yi haƙuri, ba ta da lokaci.