Kaset ɗin da na liƙa da jan farce

Babana direban kar ne, wato bas, a kamfanin ma'adinai na Arlit, shi ke kai ma'aikata bakin rami ya dawo da su. A wurinsa na koyi tara kaset, kuma har yau ban ga mai canza mini ra'ayi ba. Yakan ce idan mutum ya shigo motarka bai ji muryar garinsu ba, to ba ka tara komai ba. Saboda haka a kwalinsa akwai gurmi don mutanen Tawa, goge don na Maraɗi, algaita don ƴan Damagaram, sarewa don makiyaya. Sai tende, kiɗan matan Abzin, da suke ɗaure fata a bakin turmi suna bugawa ana tafi. Waɗannan su ne tushe, sauran duk ƙari ne.

Tenden nan ba saye ya yi ba. Ranar sunana ya ɗauka da rediyonsa, da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Ba'abziniya da fari ya ƙarar wa dabbobi, ta tara mata a tsakar gidanmu. Ta rasu ina kolej. Ba a taɓa juya shi a wani kaset ba.

Da kasuwar ma'adinin ta faɗi aka sallami Baba, ya riga mu tafiya Tawa neman aiki, ya bar ni in taho da Inna da kaya. Lokacin tawaye ya yi zafi, ana kama mutane kan kaset ɗin jita na samarin da suka shiga daji. Inna ta ce in bar tenden, harshen ɗaya ne, soja ba zai tsaya bambancewa ba. Na ce ai babu jita a ciki. Na sa shi a kwali.

Kafin mu kai Agadas aka tsayar da mu a shinge, aka sauke kowa da kayansa. Wani soja, ɗan kudu kamar mu, ya buɗe kwalin ya shiga gwada kaset ɗin a rediyonsa. Gurmi ya ɗan kaɗa masa kai. Da tende ya tashi sai ya haɗe fuska.

"Ke ƴammata, wa ke aiko miki da saƙon ƴan tawaye?"

Na ce masa turmi ne da tafin mata, waƙar suna ce, raƙumi ake yabo a ciki.

"Yallaɓai, saurara da kyau. Ka ji jita?"

Ya ce bai ji ba, amma harshen da ba ya ji ba ya yarda da shi. Ya sa yatsa ya zaro zaren kaset ɗin, ya yi ta ja, ya tsinke shi, ya jefar. Iska ta kai zaren ya sarƙafe a ƙaya. Direba yana oda, Inna ta riƙe mini zane tana cewa in rufa mata asiri. Na durƙusa na warware shi a hankali, sojan yana tsaye a kaina da bindiga. Ban ɗaga ido ba har na gama.

A Tawa na naɗe zaren da biron bik, na daidaita bakin biyun na liƙa da jan farce, yadda muke yi a Arlit idan rediyo ya tauna kaset. Ya yi. Sai dai a tsakiya tsohuwar tana jan murya, kawai ka ji ta tsallake zuwa amshin mata. Duk lokacin da aka zo wurin gabana sai ya faɗi, haka ma idan mota ta taka birki a hanya.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya aike ni kasuwa na sa aka juya shi a sabon kaset, ya mayar da tsohon wurinsa, tsakanin algaita da sarewa.